Shekara biyar ina sabunta inshorar motata a Legas, ashe ba takarda ɗaya nake saya ba

Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12. Mutumin Kura ne ni, amma shekarata goma sha tara a Legas, iyalina suna Agege. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2008, 'yar Beljiyam, na saye ta a 2019 a Berger ta wajen Apapa a kan naira miliyan 2.6. Ba motar nuna isa ba ce. Ita ke kai ni kasuwa tun kafin kiran assalatu, ita ke kai uwargida asibiti idan hawan jininta ya motsa. Abin da zan faɗa shi ne yadda muka kwashe da kamfanin da nake yi mata inshora tun Nuwamban 2020. Ba zan kama sunansa ba, domin a wasu wuraren ni ne na yi sake, kuma na ji abokaina da ke wasu kamfanonin suna irin kukan da nake yi.

Da farko ni ma kamar kowa nake. Akwai wani mutum da ke zama a gindin bishiya kusa da inda ake sabunta takardun mota, sai in ba shi kuɗi ya haɗo mini komai a leda ɗaya, har da inshorar. A wurina takarda ce kawai da ake miƙa wa ɗan sanda ko jami'in VIO. Wata rana wani yaro mai yi mana lissafi a kasuwa ya danna *565*11# a wayarsa, ya saka lambar motata, sai ya kwashe da dariya, ya ce Alhaji ai motarka ba ta da inshora. Wannan lambar ta rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ta kafa ce, duk takardar gaske tana bayyana a can. Tawa ba ta nan. Shekara guda ina yawo da takardar jabu, ina miƙa ta da ƙarfin gwiwa.

Inshorar mota iri biyu ce a wurin yawancinmu. Akwai ta dole, wadda ake kira tad fati, tun zamanin Turawa aka fara kafa dokarta, a 1945. Ita ba ruwanta da motarka, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ko a dukiyarsa ko a jikinsa. Sai cikakkiya, wadda ta haɗa da taka motar. Ban taɓa tunanin sayen cikakkiya ba sai bayan Oktoban 2020, lokacin da zanga-zangar EndSARS ta rikiɗe, aka ƙone motocin BRT a Oyingbo, aka farfasa motocin mutane da ke ajiye a bakin titi. Wani abokin sana'ata ya iske tasa babu gilashi ko ɗaya. A satin na nemi wani yaro haifaffen Agege, wanda muke sahu ɗaya da mahaifinsa a masallaci, yana aikin wakilcin wani kamfanin inshora.

Ya same ni a rumfa, ya zauna a kan kwandon da aka kife. "Kawu, wannan ita ce komai-da-ruwanka," in ji shi. "Haɗari, sata, gobara, ambaliya, tarzoma, duk suna ciki."

Muka rubuta darajar motar miliyan 2.8, aka yanke mini kashi 3 cikin ɗari, na biya naira 84,000. Ya kawo mini takardar shaida shafi ɗaya, da jadawali shafi biyu, da wani ɗan littafin sharuɗɗa mai ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. Takardar shaidar na saka a mota. Sauran na jefa a gwangwanin biskit ɗin da uwargida ke ajiye takardun haihuwar yara, ban sake waiwayarsu ba.

Sai in fara da yabo, tunda sun cancanta. A damunar 2021 wata danfo ta daki bayana a Ojota, bamba ta karye, fitila ɗaya ta tarwatse, but ya lotsa. Direban ya fito ya kwanta a kwalta yana roƙo, kwandastansa na zagin na bayansu. Me zan karɓa a hannun wannan? Na ɗauki hotuna na tura wa yaron ta WhatsApp. Washegari suka aiko mai dubawa har garejin makanikena, aka yi lissafin gyara naira 160,000. Suka cire 25,000, wai kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowace ɓarna, suka turo mini 135,000 cikin kwana goma sha tara. Ba wanda ya nemi na goro. Na shiga kasuwa ina yi musu talla kyauta, mutum uku suka yi inshora a bakina. Wani abu kuma da yaron ya yi mini na kirki: shekarar da na yi jinkirin sabuntawa da kwana tara, ya kira ni sau uku yana cewa kada in yarda in taɓa kowa a hanya, domin tun 2013 ake aiki da ƙa'idar ba kuɗi, ba kariya. Ranar da takarda ta mutu, alƙawarin "gobe zan turo" ba ya biyan ko madubi.

A Disamban 2022 hukumar da ke kula da harkar inshora, NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Tad fati ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar diyyar dukiyar wani kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur 3,000, Keke 5,000, manyan motocin ɗaukar kaya irin waɗanda ke kawo mana tumatir 100,000. An cusa katin ECOWAS mai ruwan ƙasa a cikin kuɗin, wanda ke yi wa mai ƙetare Seme zuwa Kwatano amfani. A kasuwa kowa a kan 15,000 ɗin yake surutu. Ni abin da ya shafe ni yana ƙasa: cikakkiyar inshora ba za ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba, bayan duk wani rangwame. Da yake a Nuwamba nake sabuntawa, sai a ƙarshen 2023 abin ya iso kaina.

Lokacin an cire tallafin mai, kuɗin motar da ke ɗauko kaya daga Kano ya hau sama, masu saye kuma sun koma neman rabin kwando. Sai ga yaron ya turo mini lissafin naira 175,000. Na kira shi raina a ɓace.

"Kai, wannan kuɗin mota ne ko kuɗin aure?"

"Kawu, doka ce ta canza, ba mu ba ne."

"To cire duk abin da ke ciruwa."

"To, Kawu."

Iyakar maganar ke nan. Ya dawo da 140,000, na biya ina ganin na yi ciniki irin na 'yan gwari. Wannan karon ba a kawo littafi ba, wani fayil aka turo ta WhatsApp, ya nutse a tsakanin hotunan kwanduna da sanarwar ɗaurin aure.

A watan Maris na 2024 wata tifa ta goge ni a Ketu, ta kwashe ƙofofi biyu na ɓangaren direba da madubi da fenda. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ban yi ba. Muka je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, da makanikena, na ji farashin ƙofa ɗaya 'yar Beljiyam sai da na nemi wurin zama. Duka gyaran da fenti ya kama naira 850,000. Ban damu ba, ai ina da komai-da-ruwanka. Sati bakwai ina jira, ana ce mini fayil yana wurin wane, wane ya tafi hutu. Da takardar ta fito, naira 290,000 aka rubuta.

Na ɗauki ƙafa har ofishinsu. Wata mata ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa mai sanyi, ta jawo kalkuleta. Ta ce Alhaji, nawa ka rubuta darajar motarka? Na ce miliyan 2.8. Ta ce yau idan za ka sayi irinta, nawa ce? Na yi shiru, domin na san amsar. Mai dubawarsu ya kimanta ta miliyan 7, kuma ban isa in ce ya yi ƙarya ba. Ta ce to kashi 40 cikin ɗari na motar ka yi wa inshora, sauran kashi 60 kai ne kamfanin inshorar kanka. Kashi 40 na 850,000 shi ne 340,000. A cire kason mai mota, wanda yanzu ya koma kashi 10 cikin ɗari ko naira 50,000, duk wanda ya fi yawa. Saura 290,000. Ta juyo mini da fuskar kalkuletar in gani da idona.

A matsayina na ɗan kasuwa, lissafin bai yi mini baƙo ba. Idan mota ta taso da kwando ɗari, na biya kuɗin ɗaukar arba'in kawai, ba ni da bakin neman diyyar ɗari idan ta faɗi a Jebba. Wannan na yarda. Inda ban yarda ba shi ne shirun da suka yi. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Yawancin motocin da ke ƙasar nan da dala aka shigo da su, haka kayan gyaransu. A da mun saba mota tana tsufa tana araha, yanzu tana tsufa tana tsada. Su da ke biyan kuɗin gyara kullum sun fi ni sanin haka. Amma a Nuwamban 2023 suka karɓi kuɗina a kan darajar 2020, ba wanda ya ce Alhaji, wannan adadin ya mutu. Da na faɗa wa matar haka, sai ta ce haƙƙin mai mota ne ya faɗi darajar motarsa. Gaskiya ne a takarda. Sai dai mutumin da ya iya kirana sau uku don kwana tara ba zai gaza kirana sau ɗaya don miliyan huɗu ba.

Na cika kuɗin daga aljihuna, na haɗiye. Na ɗauka na gama ganin abin da ke cikin tukunyar.

Ranar Laraba 3 ga Yulin 2024 aka kwana ana ruwa aka wuni ana yi. Duk wanda ke Legas ya tuna hotunan Iyana Oworo, motoci sun nutse har gilashi. Ni ban fita ba ranar, amma maƙwabcina ya fita, da yamma janwe ya dawo masa da motarsa, ruwa ya shiga inji, ya kashe biren bos, wato kwamfutar motar. Muna tsaye a ƙofar gida ina ba shi haƙuri, har ina cewa da ya ji maganata ya yi cikakkiya irin tawa da yanzu bai shiga uku ba. Ina rufe baki sai wani abu ya soke ni a ƙirji: cire duk abin da ke ciruwa.

Bayan sallar isha na sa uwargida ta ɗauko gwangwanin biskit. 'Yata ta biyu, wadda ke karatun akanta a kwalejin fasaha ta Yaba, ta zo gida a satin. Babu wuta, muka kunna fitilar caji, muka baje tsohon littafin 2020 a kan tabarma, ta lalubo fayil ɗin 2023 a wayata, sai da ta yi ta gungurawa kafin ta same shi. Tana karanta Turancin layi-layi tana fassara mini, ta ɗora yatsa ɗaya a littafi, ɗaya a waya.

"Baba, a nan an rubuta ambaliya da tarzoma a jadawali. A nan babu su."

"Duba da kyau."

"Na duba. Suna cikin jerin abubuwan da ba a biya, sai an saye su daban."

Wato naira 35,000 ɗin da na yi murnar ragewa, su ne ambaliya da tarzoma. Tarzomar da ita ce ta sa na shiga harkar tun farko. Wata takwas ina yawo a garin da ruwan awa biyu ke mayar da titi kogi, da komai-da-ruwanka wadda ba ruwanta da ruwa.

Ba mu tsaya nan ba, domin yarinyar ta ji daɗin aikin. Lokacin sanar da su haɗari ya sauko daga kwana 30 zuwa kwana 7. An ƙara sharaɗin cewa ba za a biya diyyar sata ba sai motar tana da na'urar bibiya mai aiki. Tawa tana da ita, amma na daina biyan kuɗin shekararta tun 2022. Idan aka saka wa tsohuwar mota sabon kaya fil, za a rage wani kaso, wai don motar ta fi yadda take kafin haɗarin. Idan wanda ke tuƙi bai kai shekara 25 ba, ko lasisinsa bai shekara biyu ba, kason mai mota ya ƙaru. Batun biyan wani kaso kawai idan an rage darajar mota kuwa, wanda ya cinye ni a Maris, ashe yana cikin tsohon littafin ma, layi biyu a shafi na tara. Bai cije ni a 2021 ba ne kawai don lokacin adadin da darajar motar suna tafiya tare. Akwai kuma wanda bai motsa ba ko kaɗan: kuɗin janwe naira 20,000 a 2020, naira 20,000 a 2023. A Legas ta yau, mai janwe ba zai ko tayar da injinsa a kan wannan ba.

Sai ta yi shiru, ta ɗago kai ta dube ni.

"Baba, Yaya har yanzu yana ɗaukar motar ran Lahadi?"

Ɗan wana take nufi, wanda ke zaune a wurina. Na bar masa motar duk Lahadi yana yin Bolt da ita don ya samu na kashewa. Tsohon littafin ya ce ban da haya, ni kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin haya ba, tunda ba tasha yake shiga ba. Sabon ya fito ɓaro-ɓaro ya ambaci ɗaukar fasinja ta manhajar waya. Yaron kuma shekararsa 23. Da ya yi karo da fasinja a ciki, da ba mu ga ko sisi ba. A daren na karɓi makullin.

Da safe na kira wakilin. Bai yi gardama ba, ya ce, "Kawu, kai ka ce a cire." Na ce na ce a cire, amma ka gaya mini abin da ka cire? Ya ce yana cikin takardar da ya turo. Na ce da na iya karanta shafi goma sha ɗaya na Turancin lauyoyi, da me zan yi da kai? Ya yi shiru, can ya ce in yi haƙuri. Ban kai ƙararsa wurin mahaifinsa ba, ko da yake na yi niyya. Yaro ne mai neman kwamisho, ya ga ciniki zai kuɓuce, ya bi hanyar da ta fi sauƙi.

Wani zai ce duk wannan hukuncin shiga abin da malamai suka yi magana a kai ne, wato batun halaccin inshora a Musulunci. Na san maganar, a rumfarmu ma an sha yin ta. Akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz suna yin ta. A can gudunmawa ake tarawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, idan an samu rara a raba. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da wannan, ga hanya nan. Abin da zan ƙara kawai shi ne ita ma da takardar sharuɗɗanta take zuwa, da jadawalinta, da adadin darajar mota da kai za ka faɗa da bakinka.

To yaya zan auna kamfanin nan? Wurin biyan abin da ke rubuce, ban kama su da ƙarya ba, sau biyu sun biya daidai da takarda, ba a nemi cin hanci ba. Wurin sauri sun ja baya, daga kwana goma sha tara zuwa sati bakwai. Wurin sanar da mutum abin da ya canza kuwa, sifili zan ba su. Saƙon da ke zuwa duk shekara cewa yake lokacin sabuntawa ya yi, ga lambar asusu. Kalmar sabuntawa ce ma ke yaudarar mutum, sai ka ɗauka tsohuwar yarjejeniya ce aka ƙara wa kwana, alhali sabuwa ce dungurungum aka miƙo maka. Shafi ɗaya tak da zai ce bara kaza ne, bana kaza ne, ko saƙon murya na minti biyu da Hausa ko Yarbanci ko Turancin Buroka, ba zai karya kamfani ba.

A Nuwamban 2024 na daɗe ina juya abin a raina, har na kusa komawa tad fati in huta, 15,000 ina 350,000 ina. Abin da ya hana ni shi ne na san idan motar nan ta tafi, ba ni da miliyan 7 da zan ajiye in ɗauko wata. Na rubuta darajarta ta gaskiya, na biya kashi 5 cikin ɗari, na mayar da ambaliya da tarzoma, na farfaɗo da na'urar bibiya. Na sa wakilin ya zo gida ya zauna gaban 'yata, ta yi masa tambayoyi har ya yi gumi. A nan ne ya ƙara mana wani abu da ban sani ba: ko kana da kariyar ambaliya, idan mota ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murza makulli, domin a takardarsu lalacewar injin da ta biyo bayan haka sakacinka ce. Maƙwabcina sau huɗu ya murza nasa.

Tun da 'yan sanda suka fara kamen marasa tad fati ranar 1 ga Fabrairun 2025, mutumin gindin bishiya ya rasa kasuwa a wurin 'yan rumfarmu, kowa ya koyi danna lambar nan kafin ya biya. Abin da har yanzu ba su koya ba shi ne takardar tana biya. Mutum zai daki motar wani a Ikorodu Road, su tare hanya suna cacar baki, a ƙarshe ya cire kuɗi daga aljihunsa, alhali yana da kariyar miliyan 3 a cikin ledar da ke gaban motarsa. Na faɗa har na gaji.

A watan Agustan 2025 aka sanar cewa Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003. Ina jin labarin na ce to, wata takardar na tafe. Ilai kuwa, shekaranjiya wakilin ya turo fayil ɗin bana, shafi goma sha huɗu, ya ƙaru da uku. Na ce masa ba zan tura ko kwabo ba sai ranar Asabar, idan 'yar Yaba ta zo. Ita kuma ta aiko cewa wannan karon ba kyauta za ta yi ba, in tanadi tsire da kuɗin data. Gwangwanin biskit ɗin da ke zama a kan firji, na riga na sauko da shi.